Layi Uku a Ƙarƙashin Hoton Jikata

Ni ban iya karatu ba, amma na iya aljihu. Shekara ashirin da shida ina wanki da guga a makarantar 'yan matan nan, kuma babu rigar da take shiga bahona sai na zazzage aljihunta tukuna. Don haka in ana maganar wa ya san yaran nan, kada a fara kawo mini malamai. Malami ya san abin da yarinya ta rubuta masa don ya ba ta maki. Ni kuwa abin da ta manta da shi a aljihu na sani.

'Yan ajin ƙarshe na bana su sittin da uku ne, kuma tun suna shigowa da majina da kukan gida nake wanke musu kaya. Akwai wadda suke kira Rediyo. Aljihunta kullum guntayen takardu ne a nannaɗe da murfin biro da ta tattaune. In ta zo karɓar kaya sai ta ɗauki ludayin da nake dama sitaci ta kara a baki, ta karanto mini labarun duniya, duk ƙarya, har da na akuyar da aka kama tana satar amsa a jarrabawa. Akwai 'Yar Waya: ƙusoshi, guntun waya, mataccen batir. Sau biyu kayanta suna huda mini yatsa, na zage ta tas, amma ita ta tayar mini da dutsen guga na lantarki wanda mai gyara ya ce a jefar. Akwai Manomiya, wadda ba ta yar da ƙwallon duk abin da ta ci. Wata rana na manta ban duba ba, rigarta ta kwana biyu a jiƙe, na tarar abu ya tsiro a aljihu har da ganye biyu. Ta karɓe shi kamar an miƙo mata jariri.

Sai kuma jikata, wadda nake kira ƙawata, su kuma suke kiranta Kalli-Sama. Uwarta ta rasu ta bar mini ita tana rarrafe, a ƙarƙashin igiyoyin shanya ta koyi tafiya. Makaranta takan ba ma'aikaci gurbin yaro ɗaya, shi ya sa ta samu kujera a cikinsu, amma a ɗakina na bayan wajen wanki take kwana. Ita aljihunta ba a samun komai. Abin da take so ba ya shiga aljihu.

Tana da shekara biyar ta fara jan zanena tana cewa in kwashe shanya. In ɗaga kai in ga sama fes, in ce ta ba ni wuri. Kafin in gama wuyan riga uku ruwa ya kece. Da aka yi mini haka sau huɗu sai na daina gardama. Da ta girma ta sami wata kwalba ta yi mata zane-zane a jiki, ta ɗora a kan rufin ɗakin wanki, kullum da safe ta hau tsani ta duba ruwan da ya taru ta rubuta a wani littafi mai baƙin bango. Ta ɗaura tsumma a kan gora don ta san inda iska ta nufa. Gizagizai kuwa duk ta raɗa musu suna da yaren sana'ata: akwai mai kumfa, akwai mai sitaci, akwai tsumman goge-goge, akwai wanda ba a matse ba, shi ne mai nauyin ciki da ke zuwa daga gabas ya ɓata mini yini. Daga baya ta koyo sunayensu na littafi, masu karya harshe, amma in muna mu biyu namu muke kira.

Ita ta ba ni labarin wata makaranta can nesa inda ake koyon wannan abu kawai. Wai akwai fararen akwatuna masu ƙafafu a tsaye cikin ciyawa, kuma kowace safiya ana sakin wata ƙatuwar balan-balan ta tafi sama ta jiyo labari. Waɗanda suka gama su ne ke gaya wa matuƙin jirgi ya tashi ko ya dakata, su gaya wa manomi ya yi shuka ko ya ƙara haƙuri. Tun daga ranar, in na yayyafa wa riga ruwa na ɗora dutse, tururi ya taso ya rufe mini fuska, nakan ga abubuwa. Ba aljanu ba, kada wani ya fassara ni. Nakan ga ƙawata a wani ɗaki mai tsawo wanda bangonsa duk gilashi ne, gizagizai na wucewa ta gefen kafaɗarta a hankali kamar tumaki sun dawo kiwo, tana nuna su da biro tana sallamar kowanne inda zai je. Nakan ga Manomiya cikin itatuwan da ba a ganin ƙarshensu, da 'Yar Waya a saman wani dogon ƙarfe ta kunna gari guda da yatsa ɗaya. Sai ƙaurin ƙuna ya dawo da ni.

To, ga abin da aka yi mini.

Kowace shekara makaranta na buga mujallar masu fita. Kowace yarinya da hotonta, a ƙasa kuma layi uku: abin da take sha'awa, halinta, da burinta. Ranar yaye, in an kira sunan yarinya ta taso, sai malami ya karanta layukan nan uku ta lasifika gaban iyaye da baƙi. Shekara ashirin da biyar ina tsaye a bayan zauren ina jin likita, lauya, likita, malama, likita, har na ɗauka ƙasar nan ciwo ya gama da ita. Ban taɓa sa baki ba, don ba ruwana. Bana da ruwana.

Saura kwana huɗu yaye aka kawo mujallar. Ƙawata ta shigo da ita ta buɗe mini, ga ta nan ta yi kyau, idon nan nata ya ɗan kauce sama kamar kullum. Na ce ta karanta mini abin da ke ƙasa. Ta ce ai abin da aka saba ne, ta ajiye ta ɗauki bokiti ta fita. Yarinyar da ko takardar sabulu ce sai ta karanta mini. Na sha jinin jikina. Da Rediyo ta zo karɓar kayanta na tare ta a ƙofa, na ce yau labarin gaskiya nake so. Ta gyara murya ta fara da raha, sai na ji muryar tana raguwa.

"Abin sha'awa, taya kakarta aiki. Hali, shiru-shiru da biyayya. Buri..." Ta tsaya.

Na ce, "Ƙarasa mana, ko batir ɗinki ya mutu?"

"Wanki da guga, Iya."

A fahimce ni da kyau. Ni ban raina wanki da guga ba. Da shi na rufa wa kaina asiri, da shi na raini marainiya, kuma duk malamin da ya tsaya gaban aji yana ƙyalli, hannuna ne ke ƙyalli a jikinsa. Da abin da yarinyar ke so ke nan, da ni zan fara yi mata guɗa. Amma ƙarya ce. An ɗauki ƙarya an buga ta ɗari biyu, an shirya karanta ta da lasifika.

Ban ko sauya zane ba. Da jiƙaƙƙen gaba na nufi ofishin malamai, wajen wanda ke haɗa mujallar. Yara na kiransa Jan Biro, don ko gaisuwa ka rubuta masa sai ya gyara. Na tarar da shi yana shan shayi. Ya tashi ya ba ni kujera, yana Iya sannu, Iya lafiya. Na ce ban zo zama ba, na dangwara masa mujallar a kan takardunsa, na ce ya nuna mini wanda ya rubuta wannan.

Ya yi mini bayani a natse, irin bayanin da ake yi wa wanda ake ganin ba zai gane ba. Wai mai buga mujalla ya ba kowane layi wurin kalma uku ne kawai. Wai zauren yana da zafi, yara sittin da uku, in aka bar kowace ta yi waƙa sai baƙi su watse. Wai kuma shi tausayin yaran yake ji, ya sha ganin yarinya ta rubuta wani abu na daban, zaure ya fashe da dariya, ta koma gida da kuka. Shi ya sa yake da jerin burika guda biyar masu kyau a rubuce, yarinya ta zaɓa. Wadda ta kauce sai ya mayar mata da fom ɗinta ta sake. Game da kallon gajimare kuwa, ya ce wannan ba abin sha'awa ba ne, rashin aikin yi ne, amma da ya ji saboda shanya take yi sai ya gyara mata shi ya zama abin yabo.

Na ce to a cikin biyar ɗin nasa wanne ne wanki da guga.

Sai ya jawo wani kwali ya zaro fom ɗinta ya miƙo mini, ya ce wannan kam ba shi ya rubuta ba. Na karɓa. Ba na karatu, amma na san hannun ƙawata, don ita ke rubuta lambobi a wuyan riguna tun tana aji ɗaya, kuma ƙananan haruffanta duk suna jingina gefe guda kamar iska na tura su. A wajen buri ta cika layi huɗu har ta gangara gefen takarda. An bi ta kansu da jan biro, zare ɗaya, daga wannan kusurwa zuwa waccan. A ƙasa, da hannunta, ɗan gajeren rubutu.

Ya ce shi dai abin da ya gaya mata, ta rubuta abin da take da tabbacin zai yiwu. Ya ƙara da cewa ai sana'a ce mai albarka.

Na ce, "Malam, na fi ka sanin albarkarta, ga ta nan a hannuna duk ta tsattsage. Amma kai da aka ba amanar yara, yarinya ta kawo maka abin da ke ranta layi huɗu, ka soke, sannan ka ce ta faɗi abin da zai yiwu. Me kake so ta gani in ta waiwaya? Baho za ta gani."

Ya ce an riga an buga, sai dai haƙuri. Na ce haƙurin nawa yana cikin wanki, bai bushe ba. Na fito da fom ɗin a hannuna, bai iya cewa in ajiye ba.

Na sami ƙawata a filin shanya. Ranar zannuwan gado muka wanke, farare, igiya tara, iska ta shiga cikinsu suna kumbura suna saki kamar masu barci. In ka shiga tsakaninsu ba ka jin hayaniyar makaranta, haske ma sauyawa yake yi, ya zama kamar kana cikin ƙwai. Nan take ɓuya tun tana ƙarama. Ƙafafunta na fara gani a ƙasan zani na shida. Na ɗaga na shiga. Tana zaune ta haɗa kai da gwiwa, kuma abin da ya fi ba ni tsoro, ƙasa take kallo.

Na nuna mata takardar. Ta ce ita ta rubuta, kada in ga laifin kowa. Na tambaye ta littafinta mai baƙin bango, ta ce yana ƙarƙashin katifa, mako uku ba ta buɗe ba. Sai a lokacin na tuna rabon da in ji ƙarar tsanin nan da safe. Takardar neman shiga makarantar masu balan-balan ma tana ciki, ba ta cike ba, kuma saura kwana goma a rufe karɓa. Ta ce da ya soke rubutun ta zauna ta yi tunani, ta ga gaskiya ce, wa ya taɓa yin irin wannan a danginmu. Sannan ta faɗi wanda ya fi ci mata rai.

"In na tafi, Iya, wa zai ce miki ki kwashe shanya?"

Na ce, "Ji mini yarinya. Kafin a haifi uwarki wa yake gaya mini? Ruwa ya sha dukan kayana, na sake wankewa, ban mutu ba. Ke kin ɗauka don ki zama ƙararrawar shanyata na raine ki?"

Ta yi dariya da hawaye tare, amma ba ta ɗaga kai ba. Ta ce ko ma mene ne an riga an buga, kowa ya gani, jibi-jibi za a karanta, a bar shi kawai ya wuce. Na gane in aka karanta abin nan a zaure, a kunnenta, gaban mutane, to ya zauna ke nan. Yarinya ce mai yarda da abin da aka rubuta. Ni kuwa Allah ya taimake ni ban iya karatu ba, takarda ba ta ba ni tsoro.

Rigunan yaye suna hannuna. Dogaye ne, baƙaƙe, masu faɗin hannu, shekara-shekara ake fito da su daga akwati duk sun yamutse suna warin ajiya. Kwana biyu na yi ina bin su ɗaya-ɗaya da tururi, na rataye su a ɗakin ciki, layi-layi. In ka buɗe ƙofa iska ta shiga sai su motsa gaba ɗaya, kamar 'yan matan sun riga sun taru suna jira, kawunansu ne kawai ba su iso ba. Na tsaya a cikinsu na daɗe. Na san wadda za ta sa kowacce, don na auna tsawonsu da ido. Na shafa ta ƙawata, ta biyu daga ƙarshe. Sannan na fito na ja ƙofa na danna kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin zanena.

Washegari aka aiko a kwashi riguna don gwaji. Na ce babu. Aka sake aikowa, na ce har yanzu babu. Kafin azahar sai ga Shugaba da kanta, takalminta na ƙwas-ƙwas a kan simintin da ruwan sabulu ya cinye. Ita ma a nan ta yi karatu, ni na wanke mata kaya shekara shida, shi ya sa in ba kowa ba ta iya yi mini muryar ofis.

Ta ce, "Iya, me nake ji haka? Kin san wannan laifi ne? Kayan makaranta ne fa."

Na ce, "Ranki ya daɗe, kayan makaranta ne, gugar tawa ce. In kuna so a yamutse, ga akwatin can, sai in mayar muku yadda kuka kawo."

Na ba ta fom ɗin. Ta karanta layi huɗun da aka soke, ta sake karantawa. Ta ce ta ji, an yi kuskure, amma mai buga mujalla ba zai iya sake ɗari biyu cikin kwana biyu ba. Ta ce za ta kira yarinyar ofis ta ba ta haƙuri. Na ce ba a ofis aka yi niyyar karantawa ba. Ta fara cewa in duba girman makaranta. Ni dai ban ce komai ba game da hotunan jiragen ruwa da nake tsinta a aljihunta tana aji uku, yankakku daga jarida, ta lanƙwasa su ƙanana. Kallonta kawai na yi, na ci gaba da kallo. Ta juya ta dubi igiyoyin shanya har na ɗauka ta manta da ni.

Can ta ce akwai injin buga takarda a ofis. Za a iya buga gyaran a siririyar takarda a yanka, a manna a kan layukan a kowace mujalla. Amma fa yarinyar ce za ta faɗi abin da za a sa, da bakinta, ba ni ba. Na ce na yarda, da sharaɗi biyu: wanda ya soke shi zai manna, kuma shi zai karanta ranar yaye, duka, ba ragi. Makulli kuma sai an manna ta ƙarshe.

Aka tattaro mujallun aka jibge a kan teburin gugata, don na ce a gabana za a yi. Labari ya zaga ɗakunan kwana. Kafin la'asar wajen wanki ya cika da 'yan ajin ƙarshe, wasu a kan baho a kife, wasu a bakin taga. Rediyo ce ta fara. Ta ce tunda ana gyara, ita ma ba lauya ta rubuta ba, ta rubuta tana so a ji muryarta a kowane gida da safe. 'Yar Waya ta ce ita an sa mata aikin jinya, alhali ko jinin kaza ta gani sai jiri ya ɗebe ta. Manomiya an ba ta likita. Wata 'yar siririya da ban taɓa jin muryarta ba, wadda nake samun zaren saƙa kala-kala a aljihunta, ta ɗaga hannu ta ce ita tufafin 'yan wasa take so ta riƙa ɗinkawa. Wata ta ce tuƙin jirgin ƙasa. Aka yi dariya, ita ma ta yi, amma ba ta janye ba. Wasu kuwa suka ce su likitan suke so da gaske, kada a taɓa musu. Da aka ƙirga, yara goma sha tara ke son gyara. Shugaba ta dafe kai ta ce a kawo takarda.

Ƙawata tana can ƙurya kusa da buhun gawayi. Duk aka rubuta aka gama, saura ita. Kowa ya juya yana kallonta. Ni kuma na kama bakina, abin da ban saba ba, na ɗauki wata riga da na riga na goge na sake gogewa. Ba zan iya cewa minti nawa aka yi ba. Na dai ji Manomiya ta ce mata a hankali, ita fa in ta yi gonarta ba za ta yi shuka ba sai ta ji daga bakinta, don haka kada ta sa ta asara. Sai na ji motsin buhu.

Ba ta rubuta ba, faɗa ta yi, Shugaba na rubutawa. Ta ce abin sha'awarta kallon gizagizai da auna ruwan sama. Halinta, ta ce a bar shiru-shirun, gaskiya ne, amma a cire biyayya a sa naci. Burinta kuma ta karanci yanayin sama har ta iya gaya wa manomi da matuƙi da mai shanya abin da gobe za ta kawo, tun kafin ta kawo.

Jan Biro ya ce wannan ya fi kalma uku nesa ba kusa ba. Shugaba ta ce a rage girman haruffa.

Yini guda aka yi ana yanka da almakashi ana shafa gam. Yaran suka yi na junansu, amma na ƙawata na ware masa su shi kaɗai. Ya naɗe hannun riga ya zauna a kan kujerata. Ta farko da ya manna ta karkace. Na ce ya ɓare ya sake, ni ba na sallamar aiki a karkace. Ya dube ni, ya dubi Shugaba, ya ɓare. Daga ta ashirin hannunsa ya faɗa, har ya fara bi da gefen biro yana lallashewa. Ban yaba masa ba. Da ya manna ta ƙarshe na kwance makulli na miƙa.

Ranar yaye na tsaya inda na saba, a baya kusa da ƙofa. Suka shigo cikin baƙaƙen rigunan nan suna shawagi, ba ko layin yamutsa ɗaya. Da aka zo kan mai jirgin ƙasa zaure ya yi dariya, wani tsoho a gaba ya tafa, sai dariyar ta koma tafi. Aka kira jikata ta biyu daga ƙarshe. Jan Biro ya karanta duka, tiryan-tiryan, bai ci ko harafi ba, na ba shi wannan. Ta karɓi takardarta da hannu biyu. Washegari da safe ita da Rediyo suka kai gidan waya takardar neman shiga makarantar masu balan-balan, a cike. Ko za a ɗauke ta ban sani ba, wannan na Allah ne da masu balan-balan.

Amma maganata ba ta ƙare ba. Ɗari biyu aka buga, ɗari da casa'in da bakwai aka kawo teburina, na ƙirga da hannuna. Uku sun fita tun kafin in rufe ƙofa. Ɗaya tana wajen mai bugawa, ya ajiye don nuna wa masu kawo aiki. Na je har shagonsa na tsaya a kansa ya manna. Ta biyu wata malama ce ta kai gida, ta dawo da ita da na daina karɓar wankinta. Ta ukun ce ban samu ba. An ce an ba wani baƙo da ya zo duba gini, ba wanda ya riƙe sunansa, ya sa a jaka ya tafi. Wato yanzu haka akwai wani gida, a kan wani tebur ko ƙarƙashin wani gado, inda jikata take nan da ƙaryar da aka yi mata.

Siririyar takardar tana wajena, da ragowar gam. Duk wanda ya san mutumin nan ya gaya masa ya kawo. Ba zan yi masa faɗa ba in ya zo da kansa. Ɗakin wanki yana bayan ɗakunan kwana, ya bi igiyoyi, ina nan tun daga safe har rana ta yi sanyi.